KITSE A HANTA: ABIN DA HOTON ASIBITI YA NUNA

Mai gida, kai da iyalinka duka kun san hanta. Ran Babbar Salla, in an feɗe rago, ita a kan fara cirowa a gasa. Ka san kamanninta in dabba tana da lafiya: ja ce mai duhu, da santsi, gefenta siriri. Wataƙila kuma ka taɓa ganin wadda ta koɗe, ta yi fatsi-fatsi, ta kumbura, in an sa mata wuƙa sai maiƙo ya bi wuƙar. Tambayi mahautan kasuwar Tudun Wada ko na Kwanar Dangora, za su gaya maka sun sha ganin irinta. Wannan hanta ce da kitse ya cika.

To, abin da ke samun dabba yana samun mutum. Bambancin kawai shi ne ba a feɗe mutum a duba. Saboda haka shekaru da yawa likitoci ba su san yawan masu wannan cuta ba, sai da aka sami na'urorin da ke ɗaukar hoton cikin mutum yana raye, ba yanka, ba zubar da jini. Da aka duba, sai aka ga abu biyu. Na fari, cutar ta yi yawa ƙwarai: a lissafin duniya duka, wajen mutum 3 cikin kowane manyan mutane 10 suna da ita. Na biyu, kuma shi ne dalilin wannan takarda, kitsen ba a hanta kaɗai ya ke ɓarna ba. In an gan shi a hanta, sau da yawa a kan tarar zuciya da ƙoda da jijiyoyin jini su ma sun fara taɓuwa.

Aikin hanta

Hantarka tana gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi. Duk abin da ka ci, in hanji ya tsotse amfaninsa ya zuba a jini, jinin nan ba ya zuwa ko'ina sai ya fara bi ta hanta. Ita ce ma'ajin jiki. Ta kan ajiye sukari in ya yi yawa, ta sake shi in ya yi ƙaranci, kamar da dare sa'ad da ka ke barci. Ta kan tace guba da magunguna. Ita ke yin ruwan ɗaci na matsarmama wanda ke narkar da maiƙon abinci, ita ke yin abin da ke sa jini ya daskare in ka yanke.

Ka lura da wannan: ajiyar kitse ba aikin hanta ba ne. Rumbun kitse yana ƙarƙashin fata, a cinya da ɗuwawu da damtse. Amma in rumbu ya cika, mai gida ya kan fara zuba hatsi a zaure da ɗakin kwana. Haka jiki ya kan yi. In kitsen da ke cikin hanta ya wuce kashi 5 cikin 100, to, likita ya kan ce hanta ta yi kitse.

Ina kitsen ke fitowa?

Mutane da yawa suna tsammani sai mai cin nama da man shanu ne hantarsa ke yin kitse. Ba haka ba ne. A ƙasar Faransa akwai masu kiwon agwagi da dinya waɗanda ke son hantarsu ta yi kitse, gama abincin marmari ce a wurinsu. Ka san abin da su ke ɗura musu? Ba mai ba, ba nama ba. Masara ce. Cikin 'yan makonni hantar ta kan ninka girmanta sau da yawa. Watau hanta da kanta ta kan juyar da gari da sukari su zama kitse, in abin da ke shigowa ya fi abin da jiki ke ƙonawa da aiki.

Kada ka ce an hana ka tuwon masara. Kakanninka sun ci tuwo sun ƙoshi, amma sun yi noma da fartanya tun hantsi har la'asar, sun je kasuwa da ƙafa, matansu sun yi daka da niƙa da hannu, sun ɗebo ruwa daga nesa. Yanzu fa? Maganin feshi ya rage noman ciyawa. Inji ke niƙa, inji ke ban ruwa. Mutum ya kan hau babur ko da zuwa bakin kasuwa ne. Waɗannan duka sauƙi ne, ba wanda zai ce a koma wahalar da. Amma aikin ya ragu, cin bai ragu ba, har ma an ƙara masa shayi mai sukari da burodi da safe, da taliya, da lemon kwalba a wurin suna da biki. Kwalba ɗaya ta lemo tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali 8 ko 9. In aka zuba maka wannan a tafin hannu aka ce ka lashe, ba za ka yarda ba.

Akwai waɗansu hanyoyi kuma. Giya da burkutu suna cika hanta da kitse, wannan tun da daɗewa aka sani. A 1980 ne wani likita mai suna Jurgen Ludwig da abokan aikinsa a asibitin Mayo, a Amurka, suka bayyana cewa sun ga hanta mai kitse da kumburi irin ta mashaya a jikin mutanen da ba su shan giya, yawancinsu masu ƙiba ne, waɗansu da ciwon sukari. Daga nan aka fara ɗaukar cutar da muhimmanci. Sa'an nan ga ƙwayoyin ƙiba da waɗansu mata ke saya a kemis ko wurin 'yan talla, irin waɗanda a ke kira sha-ka-fashe. Da yawansu akwai magani mai ƙarfi a ciki wanda ke tara kitse a ciki da hanta, ya ta da sukari da hawan jini. Uwar gida, wannan ba ƙibar lafiya ba ce.

Yadda a ke ganin cikin mutum

Hoton ƙirji da ka sani, wanda a kan ɗauki mai tari ko mai karaya, tsoho ne, tun 1895 aka gano shi a Jamus. Yana nuna ƙashi da huhu sosai, amma ba ya nuna kitsen hanta.

Wanda ya fi amfani a wurinmu shi ne hoton ciki da a kan yi wa mata wajen awo, wanda a ke kira sikanin. Wani likita a Gilasgo mai suna Ian Donald ya bayyana amfaninsa a 1958. Da sauti ya ke aiki, sautin da kunne ba ya ji. A kan shafa maka wani abu mai yauƙi a ciki, a ɗora kan na'urar, ta aika da sauti, ya bugi kayan ciki ya dawo, kamar yadda muryarka ke dawowa in ka yi kira a gindin dutse. Hanta mai lafiya da ƙodar dama kusan launinsu ɗaya a hoton. In hanta ta yi kitse sai ta yi haske fiye da ƙodar. Ba ciwo, ba allura, kuma ba na mata kaɗai ba ne. Sai dai yana da iyaka: in kitsen kaɗan ne ba ya ganinsa, sai ya kai wajen kashi 20 cikin 100 ko fiye.

Akwai ɗan'uwansa da aka ƙera a Faransa, sunansa FibroScan. Shi ya kan ɗan bugi fata tsakanin haƙarƙari, ya auna taurin hanta, kamar yadda ka kan ƙwanƙwasa kankana ka san halin cikinta. Hanta mai tauri ta yi tabo ke nan.

Sa'an nan ga manya guda biyu. Ɗaya a ke kira siti sikan, wanda aka fara aiki da shi a Ingila a 1971. Ya kan nuna jiki yanka-yanka kamar an yanka rogo. Ɗayan kuwa da maganaɗisu ya ke aiki, likitoci suna ce masa MRI. Mutum ya kan kwanta a tura shi cikin wani bututu mai ƙara. Wannan shi ne ke iya faɗin yawan kitsen hanta daidai, kashi kaza cikin ɗari, kuma a zama ɗaya ya duba zuciya da ƙwaƙwalwa. Yana da tsada, sai a manyan asibitocin birni a ke samunsa. Ba a ce ka je ka nema ba. An ambace shi ne don da shi aka gano yawancin abin da za ka karanta yanzu.

Abin da aka gani

A wani bincike da aka ba da labarinsa a 2004, a birnin Dalas na Amurka, aka auna hantar mutum fiye da 2,000 da na'urar maganaɗisu, mutanen gari kawai, ba majinyata ba. Aka tarar wajen ɗaya cikin uku suna da kitse a hanta. Abin mamaki, kusan 8 cikin 10 na masu kitsen, gwajin jininsu na hanta lafiya lau ya nuna. Riƙe wannan da kyau. Cutar ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa ido ya yi rawaya da fari, kuma ko gwajin jini ya kan wuce ta. Iyakar abin da waɗansu ke ji shi ne gajiya, ko ɗan nauyi a gefen dama.

Bincike mafi girma a Birtaniya aka yi shi. Daga 2006 zuwa 2010 mutum 500,000 suka ba da sunansu don a riƙa bin lafiyarsu har tsufa. A 2014 aka fara kiran waɗansunsu ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da zuciya da ciki da ƙashi, kowa ya yi wajen awa 5 a wurin. A 2025 aka cika mutum 100,000. A 2022 masanan Jami'ar Okasfod suka duba hotunan mutum wajen 30,000 daga cikinsu, suka ga cewa hanta da zuciya da ƙwaƙwalwa tafiyarsu ɗaya: inda hanta ta yi kitse da kumburi, a nan aka fi samun alamun lalacewa a sauran biyun.

Bari mu ɗauke su ɗaya ɗaya, mu fara da zuciya, gama a nan hatsarin ya fi yawa.

Za ka yi tsammani mai kitse a hanta ciwon hanta ne zai kashe shi. A'a. Abin da ya fi kashe masu wannan cuta shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. In an ɗauki hoton jijiyoyin wuyansu, waɗanda ke kai jini ƙwaƙwalwa, a kan tarar bangonsu ya yi kauri fiye da na sauran mutane. In an ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, a kan fi ganin wani abu fari kamar alli ya manne a ciki. Zuciyar kanta ta kan yi ɗan tauri, ba ta sakewa ta cika da jini kamar yadda ya kamata. Da aka haɗa lissafin ƙasashe da yawa, aka ga hatsarin ciwon zuciya ga mai kitse a hanta ya fi na wanda ba shi da shi da kusan rabi, kuma in hantar ta yi tabo ya fi haka.

Ga yadda abin ke faruwa. Hanta da ta cika ba ta riƙe kitsen ita kaɗai, sai ta riƙa ɗura shi cikin jini. Ta kan kuma zuba abubuwan da ke sa kumburi da waɗanda ke sa jini saurin daskarewa. Kai da ka san aikin ban ruwa a ƙasan Tiga, ka san abin da ke faruwa in ruwa ya riƙa zuwa da laka: shekara ɗaya ba kome, shekara goma kwata ta cushe, gonar ƙarshe ba ta samun ruwa. Jijiyar jini haka ta ke. In ta zuciya ce ta toshe, mutum ya faɗi yana riƙe da ƙirji. In ta ƙwaƙwalwa ce, ya wayi gari hannu da ƙafa ba su motsi, baki ya karkace. A ƙauye a kan ce iska ce ta buge shi.

Na biyu, ciwon sukari. A bayan tumbinka akwai wata tsoka doguwa a kwance, likitoci suna kiranta fankiriyas. Ita ke yin insulin, watau abin da ke gaya wa hanta ta daina sakin sukari in ka ci abinci. Hanta mai kitse ta zama kurma, ba ta jin wannan umurni, sai ta yi ta zuba sukari dare da rana. Mai kitse a hanta hatsarin kamuwarsa da ciwon sukari ya ninka sau biyu. Wani likita a Niyukasil ta Ingila, Roy Taylor, ya nuna da na'urar maganaɗisu cewa kitsen da hanta ke fitarwa ya kan je ya taru a ita wannan tsokar ma, ya raunana ta.

Na uku, ƙoda. Ƙoda matata ce mai ƙananan jijiyoyi dubbai. Sukari da hawan jini da kumburi duk su kan cinye su a hankali. An lissafta cewa hatsarin ciwon ƙoda ga mai kitse a hanta ya fi na sauran mutane da wajen kashi 40 cikin 100. Duk wanda ya taɓa kai ɗan'uwansa wankin ƙoda a Kano ya san abin da wannan ke ci: gona da shanu su kan tafi.

Na huɗu, ƙwaƙwalwa. A wani gari na Amurka mai suna Firamingam ana bin lafiyar mutane tun 1948, iyaye da 'ya'ya da jikoki. A 2018 aka ba da labarin mutum 766 daga cikinsu waɗanda aka ɗauki hoton hantarsu da ƙwaƙwalwarsu. Masu kitse a hanta ƙwaƙwalwarsu ta ɗan fi ƙanƙanta, kamar ta wanda ya girme su da shekara 4.

A nan sai mu faɗi gaskiya. Masana ba su gama yarda ba ko hanta ce ke jawo waɗannan duka, ko kuwa ita da su tushensu ɗaya, watau ƙiba da rashin motsi da yawan sukari. Akwai ma waɗanda gado ne ya sa hantarsu ke tara kitse, kuma zuciyarsu ba ta taɓu ba. Amma a gare ka, mai gida, wannan gardama ba ta sake kome. In ka ga hayaƙi a kan jinka, ba ka tsayawa tambayar wanda ya hura wutar.

Ita hantar fa? Yawancin masu kitse hantarsu ba ta wuce nan ba. Amma wajen mutum 1 cikin 4 ko 5 ta kan kumbura, kumburin ya bar tabo, tabon ya yi ta ƙaruwa shekara da shekaru har hanta ta ƙanƙance ta yi tauri. A nan ne ciki ke cika da ruwa, ido ya yi shawara, a yi aman jini, wani lokaci sankara ta fito.

A ƙasarmu

A binciken Dalas an ga baƙaƙen fata ba su tara kitse a hanta kamar sauran: 24 cikin 100, fararen fata kuwa 33. A wani asibiti a Legas, a binciken da aka ba da labarinsa a 2011, aka duba mutum 150 da hoton ciki, yawancinsu masu ciwon sukari, aka sami kusan 9 cikin 100. Wannan bai kai na Turai ba. Amma kada ka saki jiki. Hawan jini da shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda suna da yawa a cikinmu tun ba a ƙara musu wani abu ba. Kuma hantar mutumin ƙauye tana da waɗansu abokan gaba waɗanda ba su dami Bature ba.

Na farkonsu ciwon hanta mai yaɗuwa, wanda a ke kira hefataitis B. A ƙidayar da aka yi a Nijeriya a 2018, wajen mutum 8 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi. Yana bin jini: uwa zuwa jariri, askar wanzami da ba a tsabtace ba, allura ɗaya ga mutum biyu. Tun 2004 rigakafinsa yana cikin allurar yara, kuma ta fari ta fi amfani in an yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Na biyu, fumfunar da ke kama masara da gyaɗa in an zuba su a buhu ko rumbu da sauran danshi. Tana da guba mai sa sankarar hanta, kuma dahuwa ba ta kashe ta. Ƙasar Tudun Wada da Doguwa ƙasar masara ce mai yawan ruwan sama, saboda haka shanya ta kan yi wuya. Busar da hatsinka sarai a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, ka tsince ruɓaɓɓu ka zubar. Na uku, tsargiya. Wadda ka sani ita ce mai sa fitsarin jini, amma akwai irin da ke zama a jijiyoyin hanji, ƙwanta ya je ya yi wa hanta tabo. Masu kamun kifi da masu noman rani da yara masu wanka a dam su ta fi kamawa. A Yamai ne masana suka taru a 1996 suka tsara yadda za a riƙa duba wannan tabo da hoton ciki.

In kitse ya tarar da ɗaya daga cikin waɗannan a hanta, kaya biyu ke nan a kan jaki ɗaya.

Wani abu kuma da ba za ka zata ba: yunwa ma tana sa hanta kitse. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwo kaɗai, wanda ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, cikinsa ya fito, hantarsa cike ta ke da kitse, gama ba ta da abin da za ta fitar da shi. Wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wannan ciwo a ƙasar Gana tun 1933. Maganin wannan yaro ba ragin abinci ba ne. A kai shi asibiti maza, a ba shi wake da gyaɗa da ƙwai da kifi da nono.

Gwajin igiya

Ba ka bukatar na'ura don ka san ko kana cikin hatsari. Sami igiya. Tsaya a miƙe ba takalmi, wani ya auna tsawonka da ita daga ƙasa zuwa tsakar ka, ya yanke. Ninka ta biyu. Sa'an nan zagaya ta a cikinka, ɗan sama da cibiya kaɗan, ba tare da ka tsuke ciki ba. In bakin biyu sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, teɓarka ta wuce rabin tsawonka, kuma mai yiwuwa ne kitse ya fara taruwa a kayan cikinka. Uwar gida ma ta gwada, in ba ta da juna biyu.

Mun saba cewa teɓa alamar arziki ce. In mutum ya dawo daga birni da tumbi sai a ce ya samu. Amma kitsen tumbi ba irin na cinya ba ne: jininsa kai tsaye ya ke zuba cikin hanta. Akwai kuma siriri mai ƙaramar teɓa, hannu da ƙafa kamar kara, shi ma hantarsa ta kan yi kitse. Saboda haka igiyar ta fi sikeli faɗin gaskiya.

Kitsen yana fita

Ga labari mai daɗi. Cikin dukan kayan cikin mutum ba wanda ya kai hanta saurin gyara kansa. A wani bincike da aka ba da labarinsa a 2011, likitan nan na Niyukasil ya sa mutum 11 masu ciwon sukari suka rage abinci ƙwarai har mako 8, yana ɗaukar hotonsu. Cikin mako ɗaya kitsen hantarsu ya ragu da kashi 30 cikin 100, sukarin jininsu na safe ya dawo daidai. Aka sake gwadawa da mutum wajen 300, aka ba da sakamako a 2017: cikin waɗanda suka bi tsarin, 46 cikin 100 sun cika shekara sukarinsu daidai ba tare da magani ba. A ƙasar Kuba kuma, a 2015, aka ga waɗanda suka rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsu, 9 cikin 10 kumburin hantarsu ya tafi, kusan rabinsu har tabon ya ragu. A 2024 aka amince da maganin farko na wannan cuta a Amurka, amma na masu tabo ne, kuma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Watau in nauyinka kilo 80 ne, abin da a ke nema ka rage kilo 6 zuwa 8, a hankali, rabin kilo ko kilo ɗaya a mako. Kada ka ƙuntata wa kanka da yunwa. Waɗancan da suka rage abinci ƙwarai a hannun likita suka yi. In kana shan maganin sukari ko kana allurarsa, kada ka rage ci sai ka yi shawara da ma'aikacin asibiti, don kada sukarinka ya faɗi ka suma.

Fara da abin sha, gama shi ya fi sauƙin bari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2015 kada sukarin da babba zai sha a yini ya wuce ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi kyau. Lissafta na shayinka, da na koko, da na fura, da na zoɓo, ka gani. Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a 2022, amma harajin da zai yi maka amfani shi ne wanda ka sa a gidanka. Da azumi ma ka kula, kada shan ruwa ya zama gasar kayan zaƙi da soye-soye.

Sa'an nan kwanon tuwo. Rage malmala, ƙara miya. Zogale, rama, yakuwa, kuka, kuɓewa, alayyafo, duk suna bayan gidanka. Wake da kifi su yawaita. Gero da dawa da ba a surfe su ƙwarai ba sun fi farin gari da burodi da taliya riƙe ciki. Man gyaɗa da manja ba haram ba ne, amma a auna da cokali, kada a tuttula.

Da damina aikin gona ya ishi mai yinsa da hannunsa. Rani ne abin tsoro, sa'ad da a kan wuni a inuwa ana hira, da kuma mai shago da direba da tela waɗanda ranin da damina duk ɗaya ne a wurinsu. Yi tafiya da sauri ta rabin awa, kwana 5 a mako, har ka ji numfashinka ya ɗan ɗaga. Ajiye babur in wurin bai kai mil ɗaya ba. Mai gida, matan da ke cikin gida su ma jikinsu yana bukatar motsi. In inji ya karɓe musu daka da niƙa, a sama musu abin da zai maye gurbinsa, ko da zagayen tsakar gida ne da safe da maraice, ko ɗan lambu a bayan ɗaki.

Kada ka sayi maganin wanke hanta a kasuwa ko a mota mai lasifika. Ba a wanke hanta da jiƙo. Duk abin da ka sha ita ce za ta tace shi, kuma waɗansu sassaƙe da saiwoyi su kan ji mata rauni. Haka nan farasitamol, kada ka wuce ƙa'idar da aka faɗa maka.

Wa ya kamata ya je asibiti?

In kana da ciwon sukari, ko hawan jini, ko igiya ba ta haɗu ba, ko shekarunka sun wuce 40 kuma akwai masu waɗannan cututtuka a danginku, je asibitin da ke kusa da kai, ko Babban Asibitin Tudun Wada. Roƙi a auna maka jini, a gwada sukari, a gwada hefataitis B. In likita ya ga ya kamata, zai aika ka hoton ciki. Ran hoton kada ka ci kome tun wajen awa 6 kafin a yi.

In aka ce maka hantarka ta yi kitse, kada ka firgita, kada kuma ka ninke takardar ka jefa a akwati. Koma wurin likita da ita, ka yi masa tambaya uku: Akwai alamar tabo? Yaya zuciyata da jinina? An gwada fitsarina don a san halin ƙodata? In ya ga alamar tabo zai tura ka Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ko kuwa Shika ta Zariya, inda masana ciwon hanta su ke.

Amma wanda idonsa ya yi rawaya, ko cikinsa da ƙafafunsa suka kumbura, ko ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko ya fara ruɗewa yana barci da rana, wannan ba a jira da shi ran kasuwa. A nemi mota a kai shi ran nan.